Ɗaukewar haila: a gaya wa mace tun lokacin bai zo ba



Yau za mu taɓo wata magana da ba a saba yin ta cikin taro ba. Muna neman gafarar manya. Wanda zai karanta wa jama'a wannan shafi da ƙarfi, ya fara duba waɗanda ke zaune. In akwai yara ƙanana, ya sallame su. Amma kada ya tsallake shafin.

Idan yarinya ta fara ganin jinin haila, ba a barin ta cikin duhu. Uwa ko kaka ko gwaggo za ta ja ta ɗaki ta yi mata bayani. A makaranta malama za ta karantar da ita babin haila da wanka. In ta yi aure ta samu ciki, ga awon ciki a likita, ga unguwarzoma. In ta sauka, ga wankan jego, ga kunu, kwana 40 ana tattalinta. To, ranar da wannan jini ya fara shirin tafiya, wa ke jan ta ɗaki? Babu kowa. A lokacin ita ce babba a gida. Ita ake tambaya, ita kuwa ba ta da wanda za ta tambaya. Kunya ta hana ta gaya wa ɗiyarta, ta hana ta gaya wa mijinta. Kishiya kuwa ba a kai mata irin wannan labari.

A ganinmu wannan shirun ya fi ɗaukewar hailar kanta ɓarna. Ɗaukewar haila ba cuta ba ce, halitta ce, kowace mace mai tsawon rai za ta iske ta. Shirun kuwa yana cin kuɗi, yana kashe aure, wani lokaci har rai yake ci.

Abin da ke faruwa cikin jiki

A cikin marar mace, dama da hagun mahaifa, akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Kowace ba ta wuce girman dabino ɗaya ba. Da ƙwanta duka ake haihuwar ɗiya mace. Kamar rumbu ne da aka cika sau ɗaya, ba a sake zuba masa hatsi. Tun daga balaga ana ɗiba, har ya zo ƙarewa.

Waɗannan ma'ajiyoyi suna kuma zuba wani sinadari cikin jini, likitoci na kiran sa estirojin. Da shi haila ke zuwa kan lokacinta. Yana riƙe ƙarfin ƙashi, yana sa gaban mace ya zauna da laima, yana da hannu wajen daidaita zafin jiki da barci. Idan ƙwai ya kusa ƙarewa, sinadarin ba ya yankewa rana ɗaya. Manomi ya san yadda ƙarshen damana yake. Ruwa ya ɗauke kwana goma, a ce ya tafi, sai ga shi ya dawo kamar da bakin ƙwarya, ya sake ɗaukewa, ya ɗan yi yayyafi, sannan ya tafi ke nan. Haka hailar mace take yi a waɗannan shekaru. Wata biyu ba ta zo ba, sai ta zo da yawa. Wani watan ta zo sau biyu. Wani watan ɗigo kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata hailarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Ba a cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Ma'aikatan likita na kiran wannan menopoz da Faransanci, in kun ji kalmar ku gane ta. Shekarun da ke gabanin haka su ne na wahala, su ne kuma muke magana a kai. Ga wata mace ƴan watanni ne, ga da yawa shekara huɗu ne ko fiye, wata har takan kai takwas. In haila ta ɗauke wa mace tun ba ta kai shekara 40 ba, wannan ya yi wuri, ta je a duba ta.

Alamar da ta fi damun mata ita ce zafi mai tasowa. Mace na zaune lafiya, sai ta ji zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya, ya rufe fuska, kamar an buɗe mata bakin tanda. Zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa. Bayan minti biyu ko biyar ya wuce, wani lokaci har ta ji sanyi. Da dare yakan tashe ta, ta iske zane ya jiƙe. A Tawa ko Yamai, cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ku ƙiyasta yadda mai wannan hali ke kwana. Ban da shi akwai ciwon gaɓoɓi, da mantuwa, da saurin fushi, da kuka ba dalili, da bushewar gaba, da yawan fitsari.

Ba kowace mace ke gamuwa da su duka ba. Wata takan wuce ba ta ji komi ba sai dai ta ga jini ya daina zuwa. Wannan ta gode wa Allah, kada ta ce ƴar uwarta raki gare ta.

Kuɗin da shiru ke ci

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 46 a ƙauye. Zafi ya taso mata, zufa ta karyo. Abin da ta sani mai kawo zafi da zufa shi ne masassarar cizon sauro. Ranar kasuwa sai ta tsaya wurin mai tallan magani a faranti, ta sayi ƙwayoyin da rana ta gama dafawa. Ta sha, zafi bai daina ba. Ta sake saye. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga faɗuwar gaba, ga rashin barci, sai maƙwabciya ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, iska ce, ko kuwa hannu aka sa mata. Daga nan sai gidan boka. A ce ta kawo zakara, ta kawo turare, ta kawo jikka biyar. Akuyar da take kiwo domin auren ɗiyarta ta tafi. Zargi kuma ya faɗa kan kishiya ko sarakuwa, gida ya rikice. Duk wannan a kan abin da magana ta minti goma za ta warware.

Akwai bambanci da kowa zai iya riƙewa. Zafin ɗaukewar haila yana zuwa ya wuce cikin mintoci, mace ta tashi ta ci gaba da dakanta. In an sa mata ma'aunin zafi, ba a ganin masassara. Masassarar sauro kuwa takan riƙe mutum awoyi, da rawar ɗari, da ciwon kai, da amai, da mutuwar jiki. Da damana ana iya samun su biyu a jiki ɗaya. Saboda haka ba a yin kintace. A CSI ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, kafin rabin awa an san ko masassarar sauro ce ko ba ita ba.

Ba mu hana kowa addu'a ba, ba mu hana shan rubutu ba. Mai lafiya ma yana bukatar addu'a. Abin da muke ƙi shi ne a tatse mace a kan abin da ba ciwo ba, a kuma haɗa ta faɗa da mutanen gidanta.

Sai maganar kwantaccen ciki. Mata da yawa in haila ta ɗauke masu wata uku, wata biyar, sai su ce ciki ne ya kwanta. Wata ta shekara biyu tana jiran ya tashi, tana shan saiwoyi domin a tashe shi. Mun san dalilin da ya sa zuciya ke karkata can. A ƙasarmu darajar mace a gidan miji an ɗaura ta ga haihuwa, ba wadda ke son ta ce ta gama. Ba mu shiga hukuncin malamai kan wannan ba, muna faɗin abin da awo ke nunawa ne. Awon fitsari na nuna ko akwai ciki, na'urar eko kuma na nuna abin da ke cikin mahaifa. In mara ta kumbura alhali babu ɗa, yana iya zama ƙari ne ke girma, ƙari kuwa ba a jiran sa ya tashi.

Kuskuren yana da wata fuskar kuma. Wata mace da ta ga haila ta fara tsallake watanni sai ta ce ai ta gama haihuwa, ta bar maganin tazara. Rumbu bai ƙare ba tukuna, akwai saura a ƙasa. Sai ga ciki a shekara 45, ga jika a baya. Cikin da aka ɗauka bayan shekara 40 ya fi haɗari: hawan jini, zubar jini wajen haihuwa, ɓari. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, wadda ba ta son ciki ta ci gaba da tazara har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya in ta wuce 50. Irin maganin da ya dace da shekarunta kuwa, unguwarzomar likita, wadda muke kira sajfam, ita za ta zaɓa mata bayan ta auna ta.

Ga maigida

Yanzu da ku muke, maza. Mun san abin da ake faɗi a majalisa. Uwargida ta canza hali. Magana kaɗan ta hau faɗa. An tambaye ta mabuɗi ta manta inda ta aje. Dare ya yi ta juya baya. Sai abokai su ce, ai tsufa ne, nemo yarinya.

Ku tsaya ku yi lissafi. Mutum ya yi wata uku ana tashin sa sau huɗu kowane dare, da asuba ya tafi rijiya, ya dawo ya yi daka, ya tsaya gaban murhu da tsakar rana. Wane namiji ne zai yi haka bakinsa ya zauna da daɗi? Da yawa daga fushin nan rashin barci ne. Saura kuma sinadarin nan ne da ke hawa yana sauka. Ga kuma nauyin shekarun: ɗiya ta isa aure ana neman kayan ɗaki, ɗa ya tafi bida Libiya ko Najeriya ba labari, uwa ta tsufa tana kwance. Duk a kanta suke sauka.

Juya bayan ma yana da dalili, kuma ba ƙiyayya ba ce. Idan sinadarin ya ragu, fatar gaban mace takan bushe ta yi laushi kamar takarda. Saduwa ta zama zafi, wani lokaci har da ƙujewa. Ba za ta iya faɗi ba. Abin da ya fi muni, in ta ji tsoron za a yi mata amarya, sai ta ruga wurin masu kayan mata ta sayo abin matsi, ta cusa garin magani ko alif ko kanwa. Waɗannan ƙara busar da wurin suke yi, su yi masa rauni, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Wurin da ya bushe laima yake so. A farmasi ana sayar da man da aka yi musamman domin wannan, likita kuma na iya rubuta wani mai ɗauke da sinadarin da ya ragu. Haƙurin miji da rashin gaggawa su ma magani ne, ba a kuma sayen su.

Ba mu yi jayayya da abin da addini ya halatta ba. Wanda ke da hali ya ƙara aure, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma a ce mace ta haifa maka takwas, ta binne biyu, ta yi noma gamanarta ta ciyar da gida a shekarar fari, sannan a shekarun da jikinta ke mata yaƙi ka ce ta ƙare, ka bar shiga ɗakinta, ko ka miƙa mata takarda, wannan ba adalci ba ne. Abin da take bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Ka ce, “Uwargida, na ga ba ki barci kwanan nan. Shirya gobe in kai ki likita.” Ka biya kuɗin amalanke ko na kabu-kabu. Ka ce wa yara su karɓe mata ɗiban ruwa da surfe. Matar ɗa ma tana iya cewa, “Inna, koma inuwa, ni zan tuƙa tuwon.”

Akwai wata damuwa da mata ke ɓoyewa, ita ce ta salla da azumi. Jini ya zo kwana uku, ya tafi, ya dawo bayan mako. Ta yi salla ko ta bari? Azuminta ya yi ko bai yi ba? Wata takan bar salla wata guda cur cikin shakka, zuciyarta na ƙuna. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayanin wannan. Littafin Ahalari da ake karantawa a zaurukanmu yana da babin haila. A mazhabarmu haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce iyaka jinin ciwo ne, mai shi tana salla tana azumi. Yadda kowace za ta ƙidaya kwanakinta, ta tambayi malama, ko ta aiki mijinta ga malam. Mu dai abin da za mu ƙara shi ne, jinin da ya kai a kira shi na ciwo ya kai a nuna wa likita.

Inda shiru ke cin rai

Kada wanda ya karanta wannan shafi ya koma ɗora kome a kan ɗaukewar haila. A shekarun nan ne wasu miyagun cututtuka ke shigowa, su ɓuya bayanta.

Babbar magana ita ce wannan: macen da ta yi wata 12 ba ta ga jini ba, sannan ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ta tafi likita cikin makon nan. Kada ta ce haila ce ta dawo, kada ta yi murna ta ce ƙuruciya ce. Sau da yawa ba wani mugun abu ba ne. Amma da haka kansar mahaifa da ta bakin mahaifa ke fara nuna kansu. Haka nan jinin da ke zuwa bayan saduwa, da ruwa mai wari da ke fita ta gaba, da ƙullutu a nono ko a hammata ko da ba ya zafi. Kansar nono da ta bakin mahaifa su ne kan gaba cikin masu kama mata a Nijar. In an gan su da wuri ana iya magance su. Abin baƙin ciki, mata da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake ɗauko su.

Jini mai yawa ma ba abin zama da shi ba ne. In mace na jiƙe ƙyalle kowace awa, ko gudaji na fita, ko jinin ya wuce kwana bakwai, ko yana dawowa kafin mako uku, ta je a duba. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7 zuwa 8 a rayuwarta, na shekarar 2021 ya nuna adadin ya sauko zuwa 6 da ɗan abu. Macen da ta yi wannan haihuwa, da shayarwa, da masassarar kowace damana, ta iso shekara 45 jininta ba shi da rara. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba, ku dubi tafin hannunta. In sun yi fari, tana haki in ta ɗan yi tafiya, jiri na ɗibar ta, jininta ya yi ƙasa.

Zufar dare in ta haɗu da tari na sama da mako biyu da rama, a yi awon tarin fuka. Ƙishirwa mai yawa da fitsari dare da rana, a yi awon ciwon suga. Ciwon kai mai naci da ganin duhu-duhu, a auna tansiyon. Hasali ma duk macen da ta wuce 40 ya kamata a riƙa auna mata tansiyon ko ba ta jin kome, domin hawan jini ba ya sallama.

Ta wajen zuciya ma akwai iyaka. Fushi da kuka masu zuwa su wuce, wannan sananne ne. Amma in mace ta yi sama da mako biyu ba ta son abinci, ba ta son mutane, biki da suna duk ta daina zuwa, tana cewa gara ta mutu ta huta, wannan ciwon damuwa ne. Ba hauka ba ne, ba rashin tawakkali ba ne, kuma yana da magani. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta likita.

Hanya a buɗe take. Daga CSI ana tura mace asibitin gunduma. A Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai cibiyoyin lafiyar uwa da yaro, a Yamai akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi. A shekarar 2006 gwamnati ta ce maganin tazarar haihuwa kyauta ne, a 2007 ta ce haka game da kansar mata. Kowa ya san kuɗin mota da na abincin mai jinya suna nan a kan iyali. Akuyar da za a kai wa boka, ga inda ya kamata kuɗinta ya tafi.

Muna da magana da ma'aikatan lafiya su ma. Likitocinmu na karkara sun saba ganin mace da ciki ko da goyo. In ta zo ba ciki ba goyo, ta ce jikinta na zafi, ba ta barci, sau da yawa sai a rubuta mata maganin ciwon jiki a sallame ta. Tambaya ɗaya ta isa ta buɗe maganar: “Inna, yaya hailarki take zuwa yanzu?” Mun san aiki ya yi masu yawa, layi ya yi tsawo. Amma matar nan ba za ta fara faɗi da kanta ba, musamman in ɗan cikinta ne ke zaune a kujerar.

Abin da ke sauƙaƙawa a gida

Zafi mai tasowa yana da abubuwan da ke tsokano shi: shayi mai zafi, kofi, goro da yamma, yaji mai yawa, taba, ɓacin rai, tsayuwa gaban wuta. Kowace mace ta lura da nata ta rage. Tufafin roba na riƙe zufa, hijabi da zane na auduga sun fi. Ta aje ruwan randa da mahuci kusa da shimfiɗa. In ta ji yana tasowa, ta zauna, ta ja numfashi a hankali, ta kurɓi ruwa, ta shafa a wuya. Wanka da ruwan sanyi kafin kwanciya na taimakawa. In za ta kwana a tsakar gida, ta shiga sange.

Ƙashi na rasa ƙarfinsa da sauri a shekarun nan, shi ya sa tsohuwa kan faɗi kaɗan ta karye. Abincin da ke gina ƙashi muna da shi: nono cikin hura, cuku, riɗi, miyar kuka, zogala, ƙananan kifi busassu da ake ci da ƙayarsu. Na ƙarin jini kuwa, hanta da nama in an samu, da wake, da ganye. Tsamiya, lemun tsami, tumatir ko garin ƴaƴan kuka na taimaka wa jiki ya ɗebi amfanin wake da ganye. Shayi a kan abinci kuwa hana shi yake yi, a bari sai an jima. A rage gishiri da dunƙulen miya saboda tansiyon.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata mu duba. A gidaje da yawa uwa ce ke rabon abinci, ita ce kuma ta ƙarshen ci. Tsokar nama ta maigida ce, nono na kasuwa ne, ƙwai na sayarwa ne. Matan da ke noman zogala a fadamun Maraɗi, da masu tatsar shanu, su riƙa cire rabon bakinsu kafin su kai kasuwa. Ba kwaɗayi ba ne.

Matar ƙauye ba ta bukatar a ce mata ta motsa jiki, aikinta ya ishe ta, sauƙi take nema. Matar birni mai zama cikin gida ita ce ke bukatar tafiya da ƙafa, ko rabin awa ne kowace rana. Wadda fitsari ke ɗan zubo mata in ta yi tari ko dariya, ta riƙa matse gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙidaya biyar, ta saki, sau goma, safe da rana da dare. Sai an yi watanni ana yi ake ganin amfaninsa.

In abin ya tsananta har ya hana mace rayuwa, akwai maganin da ke mayar wa jiki sinadarin da ya ragu. Yana kwantar da zafin ƙwarai. Amma ba kowace mace ya dace da ita ba. Wadda ta taɓa kansar nono, ko daskarewar jini a jijiya, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ba a ba ta. Likitan mata ne kaɗai ke rubuta shi bayan awo. Ba a sayen sa a faranti, ba a aron na maƙwabciya.

Wurin yin maganar ma muna da shi. Tun shekarar 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, suka bazu cikin ƙasa. Mata na haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a asusu, ba namiji a wurin. Bayan an rufe akwati, me zai hana wadda ta wuce wannan mataki ta ba na bayanta labari? Me zai hana a gayyato sajfam sau ɗaya ta amsa tambayoyi? Mace in ta ji ta kusa da ita ta ce “ni ma haka na yi, shekara uku, ya wuce”, ranar za ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Kuma a kira masu shekara 35 da 40 su zauna su ji, domin su ne maganar za ta fi yi wa amfani.

Ku kuma ƴan uwa mata da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da karatunku zai yi maku. Ku ware shafi ɗaya a bayan kaye. Ranar da jini ya zo, ku rubuta kwanan wata. Ranar da ya ɗauke, ku rubuta. In mai yawa ne ku sa alama biyu, in kaɗan ne alama ɗaya. Daren da zafi ya tashe ku, ku ja ɗan layi. Wadda ba ta iya rubutu ba tukuna, ƙawarta ta aji ta rubuta mata. Da wannan shafi za ku san ranar da wata 12 suka cika, da shi malama za ta ƙidaya maku kwanakin salla. Ranar zuwa likita ku tafi da kayen, ku miƙa wa sajfam tun kafin ta tambaya.